Yadda Ake Taimakon Wanda Barkonon Tsohuwa Ya Shafa

Abin da jama'a ke kira barkonon tsohuwa galibi sinadarin CS ne, wanda wasu Amurkawa biyu, Ben Corson da Roger Stoughton, suka haɗa a 1928. Ko da yake ido na ganinsa kamar hayaƙi, gari ne mai laushi ƙwarai da ke manne wa ido da fata da tufafi, saboda haka duk taimakon da za a yi, manufarsa ita ce a raba jiki da wannan gari.

Da farko a bar wurin, a kauce wa inda iska ke kai hayaƙin, a nemi tudu ko bene domin wannan garin a ƙasa yake kwantawa. Idan akwai ƙaramin yaro, a ɗaga shi sama. Komai tsananin raɗaɗi kada a murje ido.

Wanke ido ne babban aiki, kuma a nan ne mutane suka fi yin gaggawa. Butar alwala da ke ƙofar masallaci ko ledar fiya wata ta wadatar, muddin ruwan mai tsabta ne. A karkata kan mutum, a zuba ruwan daga gefen hanci ya gangara wajen kunne don kada ya koma ɗaya idon, shi kuma ya riƙa ƙifta ido, a ci gaba da haka na minti 10 zuwa 15.

A zafin Sakkwato, zufa tana ƙara wa fata raɗaɗi, sannan babbar riga da rawani da hijabi suna riƙe garin cikin ninkinsu. Rigar da sai ta kai ake cire ta, gara a yanka ta da almakashi. A ƙulle kayan a leda, a wanke su daban, sannan a yi wanka da ruwan sanyi da sabulu. Masu shafa kananzir ko basilin a fuska suna cutar kansu ne, domin maiƙo yana riƙe garin a fata.

Galibi raɗaɗin yakan lafa cikin minti 30. Idan numfashi ya ƙi daidaita, ko gani ya dushe, ko fata ta yi bororo, musamman ga mai asma da tsoho da jariri, a garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko asibiti mafi kusa, a kuma faɗa wa likita abin da aka shaƙa.