Yadda Ake Kai Rigakafi Ruga

'Yar'uwa ma'aikaciyar lafiya, kada ki nufi ruga ke kaɗai. Fara da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, su suka san inda makiyaya suka sauka bana. Ku tsayar da rana ɗaya: su yi wa shanu allura, ke ki ɗiga wa yara rigakafin shan inna. A Chadi an daɗe ana haka.

Saura kwana biyu, a je a gai da Arɗo a sanar da shi. Ki karɓo akwatin sanyi da ƙanƙara tun asuba, kada maganin ya haura digiri 8. Ki isa kafin mata su fita tallar nono. Na taɓa makara, bayan awa uku a kan babur cikin taɓo, na tarar da tsofaffi kawai da 'yan maruƙa.