Yadda ɗalibin likita zai ƙirga satin ciki ya gane inda halittar ɗan tayi ta kai

Ƙirga iri biyu ne ake yi wa ciki, kuma a nan ɗalibai da yawa suke tuntuɓe. Littafin halittar ɗan tayi yana farawa daga ranar da maniyyi ya haɗu da ƙwai. Katin awon ciki kuwa yana farawa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, wato sati biyu kafin a samu cikin. Abin da malami ya kira sati na 4 a aji, shi ne sati na 6 a ɗakin awo na Asibitin Turai 'Yar'aduwa a Katsina ko Babban Asibitin Daura. Duk adadin da ka haddace, ka rubuta a gefensa da wane ƙirga ne.

Fara da samo ranar. In ka ce, "Hajiya, yaushe rabonki da al'ada?" sau da yawa ranar da ta yi wanka ta koma salla za ta ba ka, domin ita ta fi zama a ranta. Kai ranar da jinin ya fara kake nema. Sai ka tambaye ta kwana nawa takan yi, ka cire. Kada ka matsa mata da watan Bature. Ka bi ta da abin da take riƙewa: kafin Sallar Gani ko bayanta, tsakanin Ƙaramar Salla da Babba, azumi na nawa ta sha. Sannan ka tambayi kwana nawa ne tsakanin al'ada da al'ada, da ko ta ƙarshen ta zo kamar yadda ta saba.

A ce mace ta sha azumi daga na 10 zuwa na 14 a azumin 2025, wanda aka fara ranar 1 ga Maris. Ranar farkon al'adarta 10 ga Maris ke nan. Ƙa'idar Naegele ta ce a ƙara kwana 7, a koma baya wata 3, a ƙara shekara. Ranar da ake sa ran haihuwa ta zama 17 ga Disamba 2025. Ƙa'idar an gina ta ne a kan zagayen kwana 28. In nata 35 ne, ƙwan ya makara da sati guda, sai ka ƙara kwana 7 ya zama 24 ga Disamba.

Yanzu ɗora halittar a kan waɗannan ranaku. In zagayenta kwana 28 ne, wajen 24 ga Maris ƙwai ya fito, ya haɗu da maniyyi a faffaɗan ɓangaren bututun mahaifa. Yana tafiya yana rarrabuwa, a kwana na 3 zuwa 4 ya zama dunƙulen ƙwayoyi kamar 16, a kwana na 5 ya yi kogo a ciki, a kwana na 6 zuwa 7 ya fara nutsewa a bangon mahaifa. Ƙwayoyin da ke waje su ne za su zama mabiyiya, kuma su suke fitar da sinadarin hCG da tsinken gwajin ciki yake gani a fitsari. Idan bututun ya taɓa lalacewa saboda ciwon sanyi ko tiyata, ƙwan yakan tsaya a hanya ya dasu a can. Saboda haka macen da rabonta da al'ada sati 6 zuwa 8 ne, ta zo da ciwon mara gefe guda da ɗigon jini ko jiri, ka ɗauke ta a mai ciki a wajen mahaifa har sai hoton sikanin ya nuna ba haka ba ne. Wannan ba ta jiran layi.

A sati na biyu bayan haɗuwar ƙwai da maniyyi, ɗan tayin faifai ne mai shimfiɗa biyu. A kwana na 15 wani zane yake bayyana a bayansa, ƙwayoyi su riƙa shiga ta cikinsa har a samu shimfiɗa uku. Ta sama, ektodam, ita ke ba da fata da ƙwaƙwalwa da laka. Ta tsakiya, mesodam, ƙashi da tsoka da zuciya da jini da ƙoda. Ta ƙasa, endodam, rufin cikin hanji da huhu, da hanta. Zuciya tana fara bugawa wajen kwana na 22. Bututun laka, wanda zai zama ƙwaƙwalwa da laka, yana rufewa ta wajen kai a kwana na 25, ta wajen ƙugu a kwana na 27 zuwa 28.

Tsaya ka duba kalanda. Kwana na 28 ya faɗa 21 ga Afrilu. Matar nan ta sa ran al'ada ranar 7 ga Afrilu, wato sati biyu kacal ta yi da ɓatan wata, ƙila ko mijinta ba ta gaya wa ba, amma an riga an gama maganar rufewar laka. In ƙarshen kai bai rufe ba, a haifi jariri babu ƙoƙon kai. In na ƙasa ne, a haife shi da buɗaɗɗen gadon baya. Folik asid da aka miƙa mata a awon farko tana wata biyar zai taimaki jininta, amma ya makara ga wannan. Maikirogiram 400 a kullum ake so ta fara tun kafin ɗaukar ciki, wadda kuma ta taɓa haifar mai irin wannan nakasa a ba ta miligiram 5. Mace mai farfaɗiya da ke shan balfurowet, tun kafin ciki ya kamata a sake duba maganinta. Daga sati na 3 zuwa na 8 na halitta ake gina gaɓoɓi, kuma a nan magani ko cuta irin rubela suka fi yin ɓarna. A ƙarshen sati na 8 tsawonsa kamar santimita 3 ne, yatsu sun rabu.

Ranar al'ada takan yaudare ka. Mai kwanika ba ta ga jini ba tun haihuwar baya. Mai allurar tazara al'adarta ta rikice. Wata kuma ɗan jinin dasuwar ƙwai ta ɗauka al'ada, sai lissafi ya ragu da wata guda. A nan hoton sikanin ne mafita, musamman kafin sati 14, inda awon tsawo daga kai zuwa mazaunai ba ya kuskure fiye da kwana 5 zuwa 7. Bugun zuciya yana fara ganuwa wajen sati 6 na awo. Hanji yakan fito cikin cibiya na ɗan lokaci ya koma kafin sati 12, don haka kada ka firgita uwa a kan hoton sati 10. In babu na'ura, hannunka da tef: kan mahaifa yana taɓuwa a saman ƙashin mara a sati 12, ya kai cibiya wajen sati 20, daga sati 24 zuwa 36 kuma santimita tana tafiya da sati, da bambancin kamar 2. Mai cikin fari takan ji motsi a sati 18 zuwa 20, wadda ta saba haihuwa daga 16. In awo ya wuce lissafi, tuna tagwaye, yawan ruwan faya, ƙari a mahaifa, ko kuskuren rana.

Kowace shawara da ke gaba a kan wannan adadi take. Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro ba a farawa sai ciki ya kai sati 13. Sinadarin da ke hana huhu mannewa yana fara samuwa wajen sati 24, ba ya wadata sai wajen 34, shi ya sa ake yi wa mai naƙuda kafin lokacin allurar deksametason. Haihuwa kafin sati 37 ita ce bakwaini.

Wata za ta ce maka cikinta ya kwanta, ya haura shekara. Kada ka yi mata musu. Ka gwada fitsari, ka auna, ka yi hoto, domin ƙila tayin ya mutu bai fito ba, ƙila ƙari ne, ƙila kuma sabon ciki ne ya shiga bayan ɓarin da ba ta lura da shi ba. In sabo ne, lissafinka daga hoton zai fara.