Yadda Za Ki Fitar Da 'Yan Firamare Waje Su Yi Zane Da Kayan Da Ke Harabar Makaranta

Malamai da yawa in an zo darasin zane sai su ce ai babu kayan aiki, ba fenti ba burushi, iyaye kuma ba za su saya ba, shi ke nan sai a zana kofi a allo a ce yara su kwafa har a kaɗa ƙararrawa. Alhali fentin yana nan a kasuwar ƙauye da gindin bishiya, kusan kyauta. Ina magana da ke Malama ne, amma Malam ma ya matso.

Tun jajibiri ki zaga harabar ke kaɗai. Ki duba inda inuwa take, gindin darbejiya ko mangwaro, ki ga ko akwai fasassun kwalabe, sannan ki lura da tumfafiya don ruwan nan fari da take fitarwa in ya shiga ido matsala ce babba, haka 'ya'yan zurman da na bini-da-zugu guba ne, yaro kuwa komai ya tsinta baki yake kaiwa. Ki kafa musu doka tun a aji, ba ɗaga dutse da hannu saboda kunama, ba hawa bishiya, abin da ya faɗo ƙasa kawai za a tsinta. Da safe za ku fita kafin rana ta yi zafi. Lokacin kaka ya fi daɗi don ga kara ko'ina ga busassun ganye, in hunturu ya kankama kuwa iska za ta riƙa kwashe musu aiki suna bin takarda da gudu.

In ajin naki irin mai cika ɗin nan ne, ki raba su rukuni-rukuni, kamar shida ko takwas, kowane da shugaba da kwali ɗaya na tara kaya.

To yanzu fenti, nan ne daɗin yake. Ki jiƙa zoɓorodo a ruwan zafi tun a gida, ruwan kaɗan don ya yi kauri, ki zuba a gwangwanin madara uku. Na farko ki bar shi yadda yake. Na biyu ki matsa lemun tsami, za ki ga jan ya ƙara haske. Na ukun ki ɗiga ruwan kanwa a gaban idonsu, nan take zai juya ya koma wani kore-kore mai duhu, wallahi ihun da za su yi sai hedimasta ya leƙo. Dalili shi ne launin da ke cikin zoɓo yana canzawa gwargwadon tsami ko kanwar da ya haɗu da ita, kin ga kin koyar da kimiyya ba su ma sani ba. Kurkum yana ba da rawaya, shi ma in ya ji kanwa sai ya koma ja-ja. Jar ƙasa a tankaɗe a dama da ruwa. Baƙi kuma ai tawadar makarantar allo ce, a daka gawayi ya yi laushi a haɗa da ruwan ƙaro, ki tambaya a cikin yaran ba za ki rasa wanda ya fi ki iyawa ba, ki bar shi ya koya wa sauran. Ƙaron nan shi ke sa launi ya kama takarda, don haka ki zuba kaɗan a jar ƙasar ma in ba haka ba tana bushewa za ta kakkaɓe. Shi ne kuma gam ɗinku na manna ganye.

Lalle ni ban cika so ba a nan, yana kama hannu da yunifom, gobe uwa ta zo da faɗa.

Burushi a samu ɗanyen reshen darbejiya a daddaka bakinsa kamar asuwaki, ko gashin kaza, ko a fiƙe kara irin alƙalamin allo. Takarda kuwa bayan tsohuwar kalanda ko kwalin taliya ya wadatar.

Ki fara da mai sauƙi. A kifa ganyen mangwaro, a ɗora takarda a kai a goga gawayi a hankali, jijiyoyin ganyen za su fito ɗaya bayan ɗaya. Kafin su goga ki sa kowa ya ƙura wa ganyensa ido, bakinsa a miƙe yake ko yana da haƙora kamar na darbejiya, ta ina jijiya ta taso, don yaron da bai kalla ba abin da ke kansa kawai zai zana. Daga nan a shafa wa ganye fenti ta baya a danna a takarda kamar hatimi. 'Yan aji huɗu zuwa shida su yi dagi a ƙasa da tsakuwa da ƙwallon dabino da 'ya'yan tsamiya, ko a ba su kara su ƙera mota da rumbu, ɓawon shi ne ƙusa, totuwar ita ce katako. Irin wannan aikin na ganye da zayyana yana kuma raba ki da rigimar iyayen da ba sa son a zana abu mai rai.

Don Allah kada ki karɓi aikin yaro ki gyara masa, kuma kada ki ce na wane ya fi kyau. Ki ce ya faɗa miki me ya yi, da wane ganye, a ina ya tsinto. Wanda bai taɓa buɗe baki a aji ba za ki ji shi yana zuba.

Ki bar minti goma a ƙarshe na share wuri da wanke hannu, a shanya ayyukan a inuwa a danne da dutse don rana tana cinye launin zoɓo da sauri. Wanda aka yi a ƙasa ba ya ɗaukuwa, ki ɗauke shi hoto a waya kafin awaki su shigo. Idan kuma makarantarku a Kano take, sati na gaba ki nemi izini ki kai manyan ajin marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce tana nan tun 1498, su ga yadda ake fitar da shuɗi daga baba da toka, su taho da tsofaffin fararen ƙyallaye daga gida.