Kiɗan haya ko kiɗan oda: inda masu haɗa bidiyo suke tuntuɓe

Yawancin masu haɗa bidiyo a Kaduna, daga masu ɗaukar biki har masu yi wa 'yan Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi talla, sai an gama tace hoto suke tunawa da kiɗa. Tun kafin a ɗora kyamara ya kamata a tambayi mai aiki inda bidiyon zai je: WhatsApp kawai, YouTube, tallan kuɗi a Facebook, ko gidan talabijin kamar NTA Kaduna? Amsarsa ce za ta nuna kiɗan da ya dace da takardar da za a nema.

Kiɗan haya shi ne wanda ake biya a shafuka irin su Epidemic Sound, Artlist ko AudioJungle. Izinin amfani ka saya, kiɗan yana nan hannun mai shi, kuma izinin hawa-hawa ne. Ƙaramin tsari galibi na shafukanka ne kai kaɗai. In ka yi wa mai kantin atamfa talla da shi ya ɗora a nasa shafin, ƙorafin haƙƙin mallaka zai iya faɗo masa. Ka ɗauki tsarin da ya yarda da aikin kwastoma, ka duba ko ya haɗa da rediyo da talabijin, sannan ka ajiye takardar lasisi tare da fayilolin aikin. A tsarin biyan wata-wata, bidiyon da ka wallafa kana biya yakan tsira, amma kiɗan da ya rage a kwamfutarka ba na sabon aiki ba ne bayan ka daina biya.

Na kyauta ma da sharaɗinsa. Wasu kiɗe-kiɗen YouTube Audio Library sai an rubuta sunan mai su, lasisin Creative Commons mai alamar NC kuwa ya hana kasuwanci. Waƙoƙin da TikTok yake ba kowa ba na talla ba ne, akwai rumbu daban na 'yan kasuwa. Maganar cewa daƙiƙa 10 ba laifi ba ne, zance ne kawai. Content ID, tsarin YouTube mai bin sawun kiɗan da ke da mai shi, yana gane guntun kiɗa, ya karkatar da kuɗin talla zuwa mai shi ko ya toshe bidiyon. In mai haƙƙi ya sa aka sauke bidiyo, gargaɗi uku suna iya rufe tasha.

An ɗauka kiɗan oda, wato wanda ka sa aka haɗa maka musamman, ya fi kwanciyar hankali, alhali a nan rigima ta fi zafi. Ka je situdiyo a Tudun Wada, ka biya, aka tura maka kiɗa ta waya, ba ko rasit. Bayan wata biyu mai haɗa kiɗan ya sayar wa wani mawaƙi shi, mawaƙin ya rera ya raba ta DistroKid, shafin raba waƙoƙi a intanet, ya yi rajistar Content ID. Yanzu na'ura tana ganin kai ne ɓarawo, kuma ba ka da abin nunawa. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, miƙa haƙƙi gaba ɗaya ko ba da izini ga mutum ɗaya tak sai a rubuce. Shafi guda ya isa, in dai ya faɗi wa ya mallaki tsarin kiɗan da kuma abin da aka naɗa, domin haƙƙoƙi biyu ne daban. A sa ko za a sayar wa wani, wa zai yi rajistar Content ID, da gyara nawa ke cikin kuɗin. A tambayi mai haɗa kiɗan kuma ko ya ɗauko guntaye daga wani rumbu ko wata tsohuwar waƙa. Mai kalangu ko goge da aka kira shi ma ya sa hannu.

Tsofaffin waƙoƙin da muka taso muna ji a Rediyon Tarayya Kaduna ba na jama'a ba ne don kawai mawaƙin ya rasu. Haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa, yana hannun magada ko wanda aka miƙa wa.

Wajen karɓar aiki, kada ka yarda da MP3 guda ɗaya. Ka nemi fayil ɗin WAV, wanda ya fi MP3 ingancin sauti, mai 48 kHz, ganga daban, fiyano daban, amshi daban, da gajerun yanka na daƙiƙa 15, 30 da 60. Kada a fara haɗa kiɗan sai an gama yanka hoto an san tsawonsa, in ba haka ba kowane yanka sabon kuɗi ne. Ƙarƙashin magana a sauke kiɗa da kamar dB 15 zuwa 20 a ma'aunin ƙarfin sauti. Kalangu yana kwaikwayon hawa da saukar muryar Hausa, shi ya sa yake gogayya da mai bayani. A cire shi a wurin, a dawo da shi tsakanin maganganu. A saurara a lasifikar ƙaramar waya, a ɗora a YouTube a ɓoye tukuna a ga ko ƙorafi zai fito.

Mai fitar da bidiyo kowane mako, haya ta fi masa sauƙi da arha. Taken shiri, tallan da zai shekara yana yawo, ko fim a kan hawan sallar Zazzau, waɗannan na oda ne. Abin da rumbunan waje suke kira kiɗan Afirka yawanci jembe ne da marimba, da wuya ka sami algaita ko kotso a ciki.