Yadda za ka zaɓi lambar kum in za ka yi aski da kilifa

Da hwarko ka taje suma tukunna, ta bushe sarai.

Kum shi ne ɗan matajin da ake sawa a bakin kilifa. Sai ka aza kum lamba 3 a saman kai, wajen milimita 10 yake bari, don Allah kada ka hwara da ƙarami, in ka ga sumar ta yi yawa ka sauko lamba 2 mai milimita 6, amma wadda ka kwashe ba ta dawowa sai bayan sati biyu ko uku.

Gefe da ƙeya lamba 1, milimita 3. Da zahin Sakkwato wanga ni shi na fi so, kai na shan iska.

In ka gama ka goge kum da haƙoran kilifa da sifirit kahin wani ya ɗauka.