Yadda na gyara matsalar faifan ajiya wajen saka Linux

Tsohuwar kwamfuta ce mai faifan ajiya irin na IDE (tsohon salon haɗa faifai da faffaɗan kebul), kuma da zarar na fara saka mata Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, sai ta tsaya cak, tana ta maimaita saƙon "hda: lost interrupt", wato siginar faifan (hda) ta ɓace. Tunda BIOS, manhajar da ke fara tashi idan an kunna kwamfuta, na ganin faifan, ban zargi kebul ba, amma na duba ɗan jamfan (ƙaramin abin saiti) da ke bayan faifan, na tabbatar yana kan Master, wato faifai na farko a kan kebul ɗin. Ashe siginar da faifan ke aikawa ta layin IRQ 14 (layin da yake jawo hankalin kwamfutar da shi) ce ba ta isowa, domin APIC, ɓangaren da ke rarraba irin wannan sigina a madabod (babban allon cikin kwamfutar), ba ya isar da ita daidai. Da na ƙara noapic, wanda ke hana Linux amfani da APIC ɗin, a layin umarnin tayar da kwamfutar, sai aikin ya tafi lafiya lau. Daga baya na rubuta shi cikin saitin GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, don ya zauna dindindin.