Yadda Ake Tallafa wa Wanda Aka Yi wa Rashi Bayan an Tashi Zaman Makoki

A kwana ukun farko na rasuwa gida yakan cika maƙil, masu gaisuwa suna ta cewa "ya haƙuri", ana amsa musu da godiya. Nauyin rashin kuwa yakan sauka ne bayan an naɗe tabarmin ƙofar gida, kowa ya koma harkarsa. Saboda haka, mai son taimakawa ya tanadi wani ɓangare na ƙoƙarinsa domin wannan lokaci.

Ka fara da abinci. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya yi umarni a dafa wa iyalansa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Abin takaici, a yau an juya al'amarin a gidaje da yawa, inda waɗanda aka yi wa rashin ne suke ɗora tukunya domin ciyar da baƙi. Ka aika da kwanon tuwo ko kayan cefane ba tare da ka jira an roƙe ka ba, domin kunya takan hana mutum faɗin buƙatarsa.

Matar mamaci ta fi kowa buƙatar kulawa, tunda takabarta wata 4 ce da kwana 10, kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta bayyana. 'Yan'uwanta mata su riƙa leƙa ta akai-akai, maza kuma su ɗauki nauyin kai marayu makaranta da biyan kuɗinta. Idan ta yi kuka, kada a tsawata mata da sunan haƙuri, domin Annabi (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi.

Kai kuma da aka yi wa rashin, ka tausaya wa kanka, ka daina azabtar da zuciyarka da cewa "da na kai shi asibiti da wuri". Ka ci abinci ko da loma kaɗan ce, ka karɓi taimakon da aka kawo maka. Idan watanni suka wuce barci ya gagare ka, ko ka fara tunanin cutar da kanka, ka gaya wa wanda ka amince da shi, ku je wurin likita tare, domin yin hakan ba raunin imani ba ne.